Zuwa Japan karon farko: tambayoyin da baƙo ya fi yi

Ina ake cire takalmi?

A gidaje, da masaukan gargajiya, da wasu gidajen abinci. Da ka shiga ƙofa akwai ɗan wuri da ya fi daɓen gidan ƙasa, ana kiransa genkan. Nan za ka cire, ka juya bakin takalmin ya kalli waje, ka hau daɓe kai tsaye kada safarka ta taɓa ƙasa. Za a ba ka silifas, amma ba a hawa tabarmar tatami da shi. Banɗaki na da nasa silifas daban, kuma nan ne baƙi suka fi kwafsawa: sai mutum ya manta ya fito da shi har falo.

A ba ma'aikaci tukuici?

A'a. Idan ka bar canji a tebur, mai hidima na iya biyo ka waje ya maido maka. A kanti kuma, ɗora kuɗi a ɗan farantin da ke gaban mai karɓa.

Musulmi zai samu abin ci?

Zai samu, amma da tambaya. Romon taliyar ramen mai suna tonkotsu ƙashin alade ne, kuma giyar shinkafa ta mirin da sake na shiga miya da yawa, har da shinkafar sushi a wasu wuraren. Nemi gidan da ke da shaidar halal. Don salla akwai masallacin Tokyo Camii a unguwar Yoyogi-Uehara, da masallacin Kobe da aka buɗe a 1935.

Tsinkayen cin abinci fa, kada ka kafa su tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa loma daga tsinke zuwa tsinke. Duka biyun al'adar jana'iza suke tuna wa mutanen Japan.

Yaya ake zama a jirgin ƙasa?

Shiru. Kashe ƙarar waya, kada ka amsa kira. Katin biyan kuɗin jirgi na Suica ko Icoca zai hutar da kai sayen tikiti kowane zango. A matakalar lantarki, mutanen Tokyo na tsayawa hagu, na Osaka dama.

Me zan riƙe a jaka?

Fasfo, domin doka ta wajabta wa baƙo yawo da shi. Sai leda ta shara, don kwandon shara ya yi ƙaranci a titi. Wutarsu bolt 100 ce, soket mai baki biyu shafaffu, saboda haka filogin Najeriya mai ƙafa uku ba zai shiga ba sai da adafta. Lambar 'yan sanda 110, motar asibiti da ta kashe gobara 119.