Soyayyen bánh phồng tôm na Biyetnam: jatan lande ne ko rogo?

Mene ne shi, kuma da me ake yin sa?

Wani abin marmari ne mai ƙamas-ƙamas da aka fi sanin garin Sa Đéc da shi, a yankin da kogin Mekong ke rarrabuwa a kudancin Biyetnam. Ana niƙa jatan lande, a kwaɓa da sitacin rogo, gishiri, sukari, tafarnuwa da masoro, a turara, a yayyanka shi falle-falle, sannan a shanya. Busasshen yakan yi tauri kamar roba. Da an jefa shi cikin tafasasshen mai, ɗan danshin da ya rage a ciki sai ya koma tururi, nan take ya kumbura ya yi fari. Can sukan ɗebi kwaɗon ganyen da suke kira gỏi da shi, kamar cokali.

Tunda da jatan lande a ciki, yana gina jiki ke nan?

Sunan ne ya fi abin girma (tôm na nufin jatan lande). Rogo ne ya rinjaya, shi kuwa sitacin rogo ba shi da wani furotin a zo a gani. Na yankin Cà Mau, a can ƙarshen kudancin Biyetnam, an san shi da yawan jatan lande, amma na kanti mai araha ƙamshin kawai za ka ji.

To ina matsalar take?

A man suya. Yadda ya kumbura ya yi ramuka, haka yake tsotse mai kamar soso, har gram 100 na soyayye yakan kai kusan kalori 500. Ga shi ba nauyi a baki, sai ka tashi da faranti guda ba ka ji ka ci komai ba. Sai gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai gram 5 a rana, don haka mai hawan jini ya yi hattara. Mai ciwon suga ma haka, domin sitacin ba ya jimawa ya zama suga a jini.

Wa ya kamata ya guje shi baki ɗaya?

Duk wanda jikinsa ba ya ɗaukar jatan lande ko ƙaguwa. Suya ba ta kashe sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi, kumburin leɓe da sarƙewar numfashi, kuma ɗan kaɗan ya isa.

Ana iya yin sa ba mai?

Ƙwarai. A jera busassun a na'urar dumama abinci ta maikirowef, su kumbura cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka. Daɗin dai bai kai na suya ba, gaskiya.