Hausa, Makaranta da Naira: Amsoshin Tambayoyin da Iyayen Maradi Suke Ta Maimaita Mini

Na yi shekara fiye da talatin ina riƙe da alli, daga ƙauyukan Dakoro har cikin garin Maradi, kuma tun da na yi ritaya babu Juma'ar da zan fito daga masallaci ba a tare ni da tambayoyi iri ɗaya ba. Na gaji da bayani a tsaye cikin rana, shi ya sa na rubuta amsoshin, duk wanda ya sake tambaya sai a karanta masa.

Malam, da gaske ne Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar?

Da gaske ne. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki ne. Kada kowa ya mai da wannan abin gori ga maƙwabcinsa mai jin Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak, domin kundin ya ambaci harsunansu su ma.

Ke nan bana yara za su fara lissafi da Hausa?

A'a. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar tsarin ilimi ta 1998 ma ta amince da harsunanmu a cikin aji, amma har yau mafi yawan yaranmu da Faransanci suke fara karatu. Kafin abin ya sauka daga takarda zuwa allo, sai an buga littattafai, an kuma horar da malamai, domin jin Hausa daban, iya rubuta ta da koyar da rabawa da ita daban.

Ba an ce makarantar gwamnati kyauta ce ba? Me ya sa ake karɓar kuɗi?

Karatun ne kyauta. Ɗan abin da kwamitin kula da makaranta, wato COGES, yake tarawa shi ne na alli da tsintsiya da randar ruwa da gyaran rumfa, kuma ku iyaye ne kuke zaɓen ƴan kwamitin. Wanda bai taɓa halartar taron iyaye ba, ya daina tare ni a kasuwa yana tambayar inda kuɗin suka tafi, ya je ya tambaya a wurin taron.

Yaushe za a koma zaɓe?

An rushe jam'iyyu, an kuma rantsar da Janar Abdourahamane Tiani a watan Maris 2025 bisa wa'adin shekara biyar wanda kundin ya ce ana iya sauyawa gwargwadon halin tsaro. Iyakar amsata ke nan, ni malamin firamare ne.

To ai canjin mulki shi zai gyara makaranta, ko ba haka ba?

Na fara aiki zamanin Seyni Kountché. Na ga zanga-zangar ɗalibai ta 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy ta Yamai, wadda ta share fagen taron ƙasa na 1991, na ga zaɓen 1993, na ga juyin mulkin 1996 da na 1999 da na 2010 da na 2023. Abin da ya fi dukkansu taɓa ajina shi ne karyewar darajar sefa a Janairun 1994 da ƙarancin kuɗin da ya sa gwamnati ta koma ɗaukar malaman kwantaragi, waɗanda yau su ne mafi yawa a firamare, kuma idan ɗan abin da ake ba su ya yi jinkiri sai yajin aiki. Rumfunan zana ma duk waɗannan gwamnatoci sun tarar da su, sun kuma bar su. Babu ɗan Maradi da ya manta da gobarar Nuwamba 2021 da ta ci yara fiye da ashirin a irin wannan aji, Allah ya jiƙansu.

Tun da Faransanci ya fara ja da baya, in cire ɗana in kai shi Katsina ya yi Ingilishi, ko in mai da shi franko-arab, makarantar Faransanci da Larabci?

Alhaji, wannan ce tambayar da ba na son amsawa a tsaye, domin amsarta ta dogara da shekarun yaron da aljihunka da abin da kake so ya zama. Da farko, Faransanci bai tafi ko'ina ba tukuna. Da shi ake rubuta birbe, jarrabawar ƙarshen kwaleji, da bak, ta shiga jami'a, da shi ake jarrabawar shiga aikin gwamnati, da shi ake karantar likitanci da aikin noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan garin tun 2010. Idan yaron yana firamare, shawarata ka bar shi inda yake. Na san wani yaro da aka cire daga CE2, wato aji huɗu na firamare, aka kai shi ƙetaren iyaka, bayan shekara biyu aka dawo da shi saboda kasuwar uban ta karye, da na miƙa masa littafi sai ya riƙa bin layi da yatsa yana haɗa haruffan Faransanci da lafazin Ingilishi, ga shi ya girmi ƴan ajinsa da shekara uku. Kunya ce ta kore shi daga makaranta kafin ƙarshen zango.

Idan kuwa ya riga ya samu birbe, ko mafi kyau bak, to maganar ta sauya, domin Ingilishi yana da amfani ga ɗan Maradi wanda rabin harkarsa da Kano da Katsina take. Sai dai ka yi lissafi da idon basira. Yanzu jika ɗaya ta sefa tana canzuwa zuwa naira fiye da dubu biyu, saboda haka kuɗin makarantar can suna yi wa mai samun sefa araha, alhali shekarun baya naira ce take sama. Amma idan cinikinka da naira kake yinsa, ko kana cikin masu sayar da mai a kwalabe a bakin titi waɗanda janye tallafin man Najeriya a watan Mayu 2023 ya rage musu riba, wannan arahar ba taka ba ce. Ka kuma tuna an rufe iyakar nan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta bayan Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, ga matsalar ƴan bindiga a hanyar Dan Issa zuwa Jibiya. Kafin ka biya ko dala, ka je ofishin kula da ilimi na jiha ka tambayi yadda ake daidaita takardar can da ta nan, kada yaro ya dawo da shaidar da zai yi shekara yana yawo da ita.

Franko-arab kuwa makaranta ce da gwamnati ta sani tun madarasar Say ta 1957, tana da jarrabawarta, kuma tana kai yaro har Jami'ar Musulunci ta Say. Ga wanda hankalinsa bai kwanta da boko zalla ba, hanya ce mai kyau, da sharaɗin ka shiga ajin da kanka ka ga ko akwai malamin lissafi, domin wasu masu zaman kansu allon ƙofarsu ya fi cikinsu kyau. Kada ka tayar da hankalinka, babu ƙofar da za ta rufe bana idan ka jira shekara ɗaya kana dubawa.

Ƴata tana kwaleji, an zo neman aurenta. In bayar?

Hajiya, dokar Disamba 2017 ta ce a kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16. Wanda yake sonta da gaske zai jira birbe, ku gaya wa babanta ni na faɗa.

An ce ɗana ba zai zauna jarrabawa ba don ba shi da takardar haihuwa.

Gaskiya aka faɗa maka, kuma laifinka ne, ba na darakta ba. Idan ba a yi rajistarsa lokacin haihuwa ba, ka fara da ofishin magajin gari, za su tura ka kotu da shaidu a yanke maka hukuncin da zai maye gurbinta. Ka tafi tun watan Oktoba da aka koma makaranta, kada ka zo mini a watan Mayu kana cewa in yi maka magana da wani.