Shimfiɗa ƙwayoyin nano hawa-hawa cikin matsattsun ramuka

Shimfiɗa hawa-hawa dabara ce ta lulluɓe abu da siririn rufi wanda ake auna kaurinsa da nanomita, wato kashi 1 cikin biliyan na mita. Ana tsoma abin cikin ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyi masu cajin lantarki iri ɗaya, a ɗauraye shi, a sake tsoma shi cikin mai kishiyar cajin. Kowane hawa yana juya cajin fuskar, shi ya sa na gaba ke mannewa, domin caji masu kishiyantar juna suna jan juna. R. K. Iler na kamfanin DuPont a Amurka ne ya bayyana dabarar a 1966, amma ba ta karɓu ba sai farkon shekarun 1990, lokacin da Gero Decher ya farfaɗo da ita a Jamus da sinadaran polima, wato masu ƙwayoyi dogaye kamar sarƙa.

A shimfiɗaɗɗen gilashi aikin ba wuya. Cikin rami kuwa, irin na matatar alumina (sinadarin alminiyam) ko ta polikabonet (wani nau'in roba), wanda faɗinsa bai wuce nanomita 100 ko 200 ba, labari ya sha bamban. Da zarar ƙwayoyin farko na silika (sinadarin yashi) ko titaniya (sinadarin ƙarfen titaniyam) sun manne a bango, sai cajinsu ya riƙa korar 'yan uwansu da ke neman shiga. Nisan da wannan kora ke kaiwa, wanda ake kira tsawon Debye, ya dogara da gishirin da ke cikin ruwan: kusan nanomita 10 ne a milimola 1 (kashi 1 cikin dubu na mola, ma'aunin yawan gishiri a ruwa), amma a mola 0.1 yakan ragu zuwa kusan nanomita 1. Ƙara gishiri na buɗe hanya ke nan, sai dai in ya yi yawa ƙwayoyin sukan dunƙule tun kafin su shiga.

Babbar matsala tana bakin ramin. Nan ƙwayoyi ke fara taruwa, kamar cunkoson ƙofar kasuwa, har su toshe shi alhali can ciki bango bai samu komai ba. Saboda haka akan tsawaita lokacin jiƙawa da ɗauraya, ko a tura ruwan da matsi ya ratsa ramin.

Da wannan dabara ake tsuke ramukan matata domin tace sinadarai gwargwadon girmansu ko cajinsu. Wani lokaci kuma matatar ce ake narkarwa bayan an gama, a bar rufin shi kaɗai a siffar ƙananan bututai.