Paella

Paella, wadda ake furtawa kamar "fa'eya", shinkafa ce dafa-duka da ta samo asali daga yankin Balensiya, a gaɓar tekun Bahar Rum ta gabashin Sifaniya. Baƙi suna ɗaukarta abincin ƙasar baki ɗaya, amma a cikin gida an san ta mutanen Balensiya ce. Sunan ma na kaskon da ake dafa ta ne, wani faffaɗan kasko marar zurfi mai kunnuwa biyu, kuma asalin kalmar daga "patella" ta Latin ne.

Tarihi

Labarin paella ba ya cika sai an koma zamanin Andalus, wato lokacin mulkin Musulmi a Sifaniya. Musulmi sun shiga ƙasar a shekarar 711, kuma a hannunsu noman shinkafa ya bunƙasa a filayen Balensiya, wajejen ƙarni na 10 a hasashen masu tarihi. Har yau harshen Sifaniyanci yana ɗauke da shaidar haka. Shinkafa "arroz" ce, daga "ar-ruzz" ta Larabci; za'afaran, kayan ƙamshin da ke sa abinci ya yi launin rawaya, "azafrán" ne; magudanar ban-ruwa "acequia" ce, daga "as-saƙiya". Tafkin Albufera da ke kudu da birnin Balensiya, inda gonakin shinkafa suka fi yawa, sunansa daga "al-buhaira" ne, wato ƙaramin teku.

Sarki Jaime na Ɗaya na Aragon, wata masarautar Kirista a arewa maso gabashin Sifaniya, ya ci Balensiya da yaƙi a 1238, amma magudanan ruwan sun ci gaba da aiki. Akwai ma kotun ruwa ta manoma da ke zama kowace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin birnin, tana sasanta rikicin rabon ruwa da baki, ba tare da takarda ba. Wasu na danganta ta da zamanin Musulmi, kuma UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya a 2009. Noman shinkafa ya sha tangarɗa: an sha hana shi kusa da gari saboda tsoron zazzaɓin da ke tattare da ruwan kwance, sannan korar Moriskawa, jikokin Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, a 1609 ta raba gonaki da ƙwararrun manomansu.

Paella a kamanninta na yau ta bayyana ne wajejen tsakiyar ƙarni na 19, a matsayin abincin rana na ma'aikatan gona, waɗanda ke haɗa abin da ke kusa da su a kan wutar itace.

Dafuwa

Ta asali ana yinta da kaza, zomo, koren wake, wani farin wake mai faɗi da ake kira "garrofó", tumatir, man zaitun da za'afaran. Wasu kan ƙara katantanwa. Shinkafar gajera ce mai shan romo, irin su "bomba" da "senia". Ana soya naman sai ya yi ja, a zuba ruwa ya zama romo, sannan a baza shinkafar ta kwanta siririya a kaskon. Daga nan ba a sake motsa ta. A ƙarshe mai dafuwa yakan ƙara wuta, ya kasa kunne ga ƙarar ƙasan kaskon, domin ƙanzo ya kama. Wannan ƙanzo, da suke kira "socarrat", shi ne abin da ake rububi a kansa. An fi son itacen lemu don ƙamshin hayaƙinsa. Iyali kan zagaye kaskon ranar Lahadi, kowa na ci daga gabansa da cokali.

Ire-irenta

Akwai ta kifi da jatan lande, da mai haɗa nama da kayan teku, da ta kayan lambu zalla.

Saɓani

Mutanen Balensiya da yawa ba sa yarda a kira sauran ire-iren paella, musamman idan an sa tsiran naman alade na "chorizo". Gwamnatin yankin ta ayyana ta kayan al'ada mai kariya a 2021.

Ga ɗalibai baƙi

Abincin rana ce, ana cinta wajen ƙarfe 2 zuwa 3, kuma gidajen abinci na kirki sukan dafa ta ne ga mutum biyu ko fiye. Ɗalibi Musulmi zai fi samun natsuwa da ta kifi ko ta kayan lambu, bayan ya tambayi abin da aka yi romon da shi.