Me ake nufi da cin zarafi ta intanet?

Mu Zage-zagi mun san wasa. Bakano ya tsokane ka a kasuwar Sabon Gari, ka rama, a yi dariya a watse. Shi ya sa iyaye da yawa idan aka ce musu ana cin zarafin yaro ta intanet sai su ce ai wasan yara ne. A wasa kowa na dariya, kuma akwai inda ake tsayawa. Cin zarafi ta intanet kuwa shi ne a yi amfani da waya ko kwamfuta a dinga muzanta mutum da gangan: zagi a guruf, laƙabin banza, yaɗa hotonsa ba da yardarsa ba, buɗe shafi da sunansa a rubuta abin da bai faɗa ba, ko barazanar tona masa asiri. Har fitar da yaro daga guruf ɗin ajinsu don a mai da shi saniyar ware yana ciki.

'Yar maƙwabciyata a Tudun Wada tana aji uku a ƙaramar sakandare. Gyangyaɗi ya ɗauke ta a gidan biki, baki buɗe, ɗankwali ya zame. Wata ƙawarta ta ɗauki hoto ta mai da shi sitika a WhatsApp. Kafin gari ya waye 'yan ajinsu duk sun samu, ko gaisuwa ta yi a guruf da shi ake amsa mata. Mako biyu tana fakewa da ciwon kai don kada ta je makaranta. Da uwar ta gane, ta ce, "Me ya hana ki faɗa min?" Sai yarinyar ta ce, "Umma, tsoro nake ji ki hana ni taɓa waya."

Wannan amsa ta tsaya min a rai. Da can zagin makaranta a bakin ƙofa yake ƙarewa idan an tashi. Yanzu yana bin yaro har kan katifarsa. Magana zarar bunu ce, balle hoto: ko mai shi ya goge, wani ya riga ya ajiye. Idan kuma abin da yaro ya sani shi ne da ya buɗe baki za a ƙwace waya a haɗa masa da faɗa, to shiru zai yi, mu kuma sai abu ya lalace mu ji.

Kuma laifin ba na wanda ya fara ne kaɗai ba. Wanda ya tura gaba da wanda ya sa alamar dariya duk da hannunsu. Aya ta 11 da ta 12 a Suratul Hujurat sun hana izgili, jifa da laƙabi, bin diddigi da giba. Yaranmu sun haddace su a Islamiyya, saura mu nuna musu cewa hukuncin ya shafi abin da yatsa ya rubuta.

Wani lokaci abin ya wuce tsokana. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar cewa ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraici sannan su nemi kuɗi da barazanar yaɗawa. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a sashe na 24 kan barazana da tsoratarwa irin wannan. Facebook da TikTok ma ƙa'idarsu sai mai shekara 13, amma sau da yawa mu manya ne ke buɗe wa ƙanana da shekarun ƙarya.

Idan yaro ya kawo ƙara, a fara sauraronsa. Kada ya rama, kada kuma a goge saƙonnin sai an ɗauki hotonsu a matsayin shaida. Sannan a toshe mai zagin, a kai rahotonsa a manhajar. In ɗan aji ne, a samu malaminsu da iyayensa. In akwai barazana ko neman kuɗi, kada a biya ko sisi, a tafi wurin 'yan sanda.