Bikin yaro da adon wata da taurari: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ina yin gato, wato kek, da adon biki a nan Garwa. Tun da yara suka fara ganin roka a wayoyin iyayensu, kowane mako sai wata uwa ta turo min tambayoyin nan iri ɗaya. Ga su a wuri guda. Wadda ta sake tambaya, nan zan turo ta.

Sai na yi odar kayan ado daga Duwala?

A'a. Kwalin firiji ko na talabijin, almakashi, gam, takardar azurfa irin ta gasa kifi. Roka ta samu. Yaro ɗan shekara 4 kwalin da zai shiga ciki yake so, ba ruwansa da inda aka sayo shi.

Duniyoyi nawa zan rataya?

Takwas. An cire Pluto daga jerin tun 2006, ki daina gardama da ni da littafin da kika karanta a firamare. In kina son girmansu ya yi kama da gaskiya, Mushtari ta ninka duniyarmu faɗi kusan sau 11: in aya ce duniyarmu, ita kwakwa ce. Zuhal ce mai zobe, Mirrihi ce ja.

Bikin ranar haihuwa ma ya halatta?

Malaminku za ki tambaya, Hajiya. Ni gato nake gasawa.

A yi gaton baƙi wuluk kamar dare?

Kada ki soma. Kalar da za a zuba kafin kirim ya yi baƙi tana da yawa, ga ɗaci, kuma yara za su koma gida da baƙin harshe iyayensu su yi ta kiranki. Shuɗi mai duhu ya isa, a yayyafa farin sukari. In kuma Maris ko Afrilu ne, lokacin da zafin garin nan ke haura 40, kirim ɗin bota ba zai jira baƙi su taru ba. Ba na ɗaukar alhakin gaton da aka bari a tsakar gida, balle a ce an ɗauke wuta.

Yaushe ya kamata a yi, da rana ko da dare?

To, wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsar ba ɗaya ba ce. Ni dai a ganina, wautar da ta fi kowace ita ce a kashe kuɗi a manna watan takarda a bango, alhali na gaske yana bisa kanku kyauta. Don haka nakan ce a fara bayan la'asar, a ci a sha, a yi wasa, a yi magariba, sannan a fito da yara su ɗaga kai. Rana a nan wajen ƙarfe shida take faɗuwa kusan duk shekara, kafin isha kowa ya kama gabansa.

Amma sai kin duba kwanan wata na Musulunci. Daga 6 zuwa 10 ga wata ya fi: da an sallame magariba yana can sama, kuma a lokacin da yake rabi ne ramukansa suka fi fitowa in akwai mai tabarau na hangen nesa a cikin dangi. Ranar 14 ma ba laifi, yana fitowa ne daidai faɗuwar rana, sai dai katangar maƙwabta na iya tare shi. Bayan nan kullum yana ƙara makara da kusan minti 50, zuwa 20 ga wata yaran sun daɗe da barci kafin ya leƙo. In ranar haihuwar ta faɗo a nan, ki matsar da bikin. Yaron ba zai kai ƙararki ba.

Sai kuma yanayi. Da damina gajimare na iya rufe komai, ga sauro. Da hunturu, in hazo ya sauko, wata yakan fito dishi-dishi, taurari kuwa sai dai labari. Nuwamba ya fi min kwanciyar hankali, kuma a lokacin taurarin nan kaza da 'ya'yanta suna hawowa daga gabas da farkon dare. Zara matar wata ba ta da tabbas: wasu watannin da yamma take, wasu sai da asuba. Kada ki yi wa yara alkawarinta. Duk da haka ki tanadi tocila da zane mai duhu a ɗaki, ko da sama ta ƙi. Ban ce dole ba, amma na ga ranarsa.

Tabarau ɗin nan kuma kada ya shiga hannun yaro rana na sama. Kallon rana da shi yana makantarwa.

Balan-balan mai tashi fa?

Tambayi mai sayarwa da me ya hura. In ba heliyom ba ce, in iskar da ake haɗawa da soda da gwangwani ce, tana kama wuta, ga ki kuma da kyandir a kan gato. Wanda ya fashe a tsince shi nan take, ƙananan yara suna haɗiyewa ya shaƙe su.

Ɗana ya ce shi ma zai je wata. Me zan ce masa?

Ki ce Allah ya sa. Mutane sun taka shi a 1969, su ma uwa ce ta haife su.

Me za a sha?

Folere, wato zoɓo, mai sanyi da makala. Ki ce musu man roka ne, za su shanye.