Waiwaye: annoba da shirin ko-ta-kwana na 'yan kasuwar Legas

Legas gari ne na bakin teku, kuma annoba ba baƙuwa ba ce a cikinsa. Murar 1918 ta jirgin ruwa ta shigo. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a 1924, a tsakiyar wannan tashin hankali aka yi dokar killace jama'a ta 1926, wadda Shugaba Buhari ya dogara da ita wajen rufe garin saboda korona bayan shekaru kusan ɗari.

Darasi na kusa shi ne Ebola. Wani matafiyi, Patrick Sawyer, ya sauka daga Laberiya ɗauke da cutar ranar 20 ga Yuli 2014, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti a Obalende, Allah ya taƙaita abin. Bankuna da manyan shaguna suka ajiye bokitin ruwa da sabulu da na'urar auna zafin jiki a bakin ƙofa. Kasuwa ba ta tsaya ba, kuma a ganina wannan ya sa da yawa suka ɗauka iyakar shirin ke nan.

Korona ta nuna ba haka ba ne. An tabbatar da mutum na farko ranar 27 ga Fabrairu 2020, aka rufe Legas daren 30 ga Maris, kwana ɗaya bayan sanarwa. Kamfanonin Victoria Island da Ikeja suka tura ma'aikata gida da kwamfuta, aiki ya ci gaba ta intanet. To amma mai tumatir a kasuwar Mile 12 fa? Ko mai raguna a Alaba Rago, ko mahauci a Agege? A takarda an ce kayan abinci su wuce, amma motocin da suka taso daga Kano da Kaduna da Filato sun sha tsaiko a shingaye, kuma tumatir ba ya jiran kowa. Idan kaya sun iso, sa'o'in cin kasuwa kaɗan ne, daga goma na safe zuwa biyu na rana, shi ma ba kullum ba. Ga azumi ya kama a cikin kulle. 'Yan dako da masu shayi, waɗanda sai sun fita suke ci, su suka fi jin jiki. Babban Bankin Najeriya ya ware rancen naira biliyan 50, sai dai neman sa yana buƙatar asusun banki da cike fom ta intanet, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa.

Abin da ya riƙe mutanenmu shi ne waya da amana. Dillali ya kira manomi, a tura kuɗi ta banki, kwastoma ya yi oda ta WhatsApp, a ba da kaya bashi har a samu sarari. Waɗanda suka saba da POS tun lokacin sun fi samun sauƙi a ƙarancin takardun naira na 2023.

Giɓin da ya rage na ƙungiyoyi ne. Ya kamata shugabannin kasuwa su mallaki rajistar mambobi, da asusun taimakon gaggawa, da rubutacciyar yarjejeniya da gwamnati kan wucewar motocin abinci tun kafin a sake rufe hanya. Ma'ajiyar sanyi kuwa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ga shi har yau yawancin tumatirin Arewa a kwando yake isowa Mile 12, bayan doguwar tafiya cikin rana.